Tulin Ɓarɓashi a Gindin Taga

Mai Tirela ake ce masa a unguwa, kuma duk wanda ya ji sunan bai ga tirelar ba sai ya ɗauka wani hamshaƙi ne. Tirelar kuwa ba ta fi gadon mutum biyu ba. Ƙafa biyu gare ta, an ɗaga mata bango da falanki, yana ɗaura ta a bayan wata tsohuwar akori-kura wadda ba ta tashi da safe sai an lallashe ta. Shi da abokinsa Biri sana'arsu rage wa itatuwan gidajen mutane rassa: wanda ya hau kan rufi, wanda ya taɓo wayar lantarki, da bishiyar da iska ta kwantar a kan katanga. Biri ne mai hawa da zarton inji, ya yanko ya sako ƙasa. Mai Tirela kuma yana tsaye yana cusa rassan a bakin injin niƙa, injin ya tauna su ya feso ɓarɓashi cikin tirela.

Yanka ba shi ne wahalar aikin ba. Wahalar ita ce inda za a kai ɓarɓashin. Mai gida ba ya son ganin ko tsinke a tsakar gidansa bayan an tashi. Da can juji suke kaiwa, sai masu kula da jujin suka ce sun daina karɓar itace, wai yana kama wuta da kansa. Ɗaya jujin kuma yana can bayan gari, kafin ka je ka dawo rana ta raba, aiki na biyu ya wuce ka.

Ana cikin haka wani mai sayar da furanni ya gaya masa cewa ɓarɓashin nan in an tara shi ya ruɓe ya yi baƙi, masu lambu har rububinsa suke yi, don yana riƙe danshi a gindin shuka. Maganar ta zauna wa Mai Tirela daram. Daga ranar ya fara juye tirelarsa a ɗan filin da ke gefen gidansa, daidai gindin tagar ɗakin kwana, don nan ne kaɗai motar take iya shiga da baya.

"Baban Mami, wannan dutsen da kake gina mana fa?" matarsa ta tambaye shi da tulin ya kusa kai taga.

"Dutsen arziki ne, uwargida. Ki bari ya nuna ki gani."

"Ya nuna? Mangwaro ne?"

Ya yi dariya, ita ma ta yi, aka bar maganar a nan.

Mami ita ce 'yarsu ɗaya tilo, ko makaranta ba ta shiga ba tukuna, kuma a wajenta duniya ba ta taɓa yin abin wasa kamar tulin nan ba. Ta hau ta gangaro, ta binne takalminta ta tono. Wata rana ta tura hannu ciki har gwiwar hannu, ta zaro da sauri ta ce, "Baba, zazzaɓi yake yi!" Ya ɗauke ta ya ɗaga sama, ya ce ai lafiyarsa ke nan, in bai yi zafi ba ba zai ruɓe ba. Gaskiya ya faɗa. Ɗanyen ɓarɓashi in ya taru cikinsa zafi yake ɗauka, da safe har tururi yake fitarwa.

Tarin ya fara kaɗan kaɗan, irin wanda ake cewa sanyi ne. Aka ba ta maganin tari, ya lafa, ya dawo. Aka hana ta hawa tulin, bai daina ba. Daga baya ƙirjinta ya fara wani siririn fito in tana numfashi, kamar butar shayi ta kusa tafasa.

Matar ce ta fara lura, don ita ke wuni da yarinyar. Ta same shi yana wanke ƙafa a bakin famfo ta ce, "Duk ranar da ka juya tulin can, ranar Mami ba ta iya wasa. Na daɗe ina dubawa."

"Itace ne fa. Itace ya taɓa sa wa mutum ciwo?"

"Ni dai abin da na gani na faɗa maka."

"To ki ce in daina aikin mana, mu zauna mu kalli juna!"

Ba ta ce ya daina aiki ba, shi ma ya sani. Tsoro ne ya kama shi, kuma shi mutum ne da tsoro ke fito masa ta hanyar faɗa. Ya riga ya zuba damina guda cikin tulin nan. Ya riga ya gaya wa Biri, da maƙwabta, da surukarsa, cewa a kansa zai canza wa mota inji. Yanzu a ce wai shi ne yake shaƙe 'yarsa? Ya ga ya fi masa sauƙi ya yarda sanyi ne.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye da rana mai kyau. Ya ce yau ne ranar juyi, ya ɗauki shebur ya hau. Da ya fasa tsakiyar tulin sai ya ga cikinsa ya yi fari fat da funfuna, wata farar ƙura mai wari ta tashi tare da tururi, har shi kansa ya kawar da fuska yana atishawa. Bai duba taga ba. Tagar a buɗe take, an buɗe ta ɗaki ya sha iska, Mami kuma tana kan gado tana yi wa 'yar tsanarta kitso.

Ihun matar ya ji, ba na yarinyar ba. Yarinyar ba ta da numfashin da za ta yi ihu da shi. Ya same ta zaune ta dafa gwiwa, kafaɗunta na hawa da sauka, leɓenta ya sauya launi, idonta a kansa. Bai san lokacin da ya kwance tirela daga jikin mota ba. Abin da ya sani kawai shi ne akori-kurar nan mai taurin kai ta tashi a murɗa ɗaya.

A asibiti aka sa mata abin shaƙa a hanci da baki, a hankali ƙirjin ya saki. Likitar, wata mace mai magana ƙasa-ƙasa, ta ce asma ce, kuma akwai abin da ke tayar da ita. Ta tambaya ko akwai kyanwa a gidan, ko hayaƙi, ko bango mai danshi. Matar ta bar shi ya amsa da bakinsa. Ya faɗa. Likitar ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi jin daɗi. Cewa kawai ta yi kada yarinyar ta koma inda ƙurar nan take.

Da aka sallame su matar ta ce, "Gidan Inna za ka kai mu. Ba yaji na yi ba, Baban Mami, kada ma ka sa wannan a ranka. Ka kwashe abin can, mu dawo."

Ya kai su, ya gaishe da surukarsa daga bakin ƙofa, ya juyo.

Tarawa da kwashewa ba ɗaya ba ne. Abin da inji ya feso cikin tirela da iska, yanzu sai an ɗebe shi da shebur, ga shi ya sha ruwa ya yi nauyi ya dunƙule. Ya ɗaura tsumma a hanci, Biri ma ya ɗaura, suna lodi suna tari. Biri mutum ne da ko a makabarta sai ya sami abin dariya, ya ce, "Ka ga arzikin namu ya nuna har ya zarce." Mai Tirela ya ƙara cusa shebur cikin tulin, sai Biri ma ya ci gaba da lodi.

Mai furannin da ya ba shi shawara ya zo ya duba, ya damƙi ɓarɓashin ya shinshina, ya ce bai gama ruɓewa ba, tirela ɗaya zai iya karɓa, ita ma don mutunci. Wani mai kaji ya ga funfunar ya ce ko kyauta ba ya so. A ƙarshe wani manomi can bayan gari ya ce a zuba masa a wani rami a gefen gonarsa. Hanyar gonar taɓo ce. Tirelar ta kafe ba sau ɗaya ba, suna sauke rabin kaya a hanya su tura, su dawo su sake lodawa. Kuma duk wannan da yamma ake yi, don da safe dole a je aikin mutane, a niƙa sabbin rassa, a nemi inda za a kai su su ma.

Kullum yana kiran waya. Matar takan ce, "Alhamdu lillahi, yau ko tari ɗaya ba ta yi ba." Sai ta miƙa wa Mami, ita kuma ta tambaye shi ko tulin ya warke daga zazzaɓin. Yakan ji daɗi, daɗin kuma da ɗaci a ƙarƙashinsa, don kowane labarin sauƙi shaida ne a kansa.

Da filin ya koma fili bai tsaya nan ba. Ya kankare ƙasar wurin ya zubar, ya wanke bango da taga, ya shanya katifa, ya wanke labule da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo matar gidan. Ya tsaya tsakiyar ɗaki ya ja numfashi, bai ji warin komai ba. Ya kira ya ce gobe bayan aiki zai zo ya ɗauke su.

Washegari suka gama da wata bishiya da wuri, ya kai ɓarɓashin ramin manomi, ya dawo gida ya watsa ruwa a gurguje, ya sa rigarsa mai kyau, ya saya wa Mami balan-balan a hanya. Tun bai gama kashe mota ba ya ji muryarta. Ta fito da gudu ba takalmi, ta yi ƙiba, kumatunta sun ciko. Ya durƙusa ta faɗa jikinsa, ta cusa fuska a wuyansa da gemunsa, tana ba shi labarin abubuwa goma a lokaci guda. Ya rungume ta sosai, ya ji idonsa ya kawo ruwa, bai damu da wanda zai gani ba.

Suna tsakar gida, yana gaisawa da surukarsa, Mami na kan cinyarsa, sai ta yi tari. Kowa ya yi kamar bai ji ba. Ta sake yi, ta murza ido. Can sai ga siririn fiton nan, wanda gidan bai ji ba tun ranar da suka zo.

Matar ta tashi da sauri ta ɗauko abin shaƙa. "Ƙila gudun da ta yi ne," ta ce, ba tare da ta kalle shi ba.

Surukar ta miƙe. Ta ɗauke yarinyar daga cinyarsa a hankali ta miƙa wa uwarta. Sannan ta matso, ta sa yatsu biyu a bayan kunnensa, cikin sumar kansa, ta zaro ta buɗe masa tafin hannunta. Ɗan gari-garin itace ne, mai laushi kamar dusa. Ta kakkaɓe kafaɗar rigarsa mai kyau, inda ya jingina da kujerar mota, ƙura ta tashi cikin hasken rana kowa yana gani.

"Ɗana," ta ce, "na san ka kwashe na gida. Allah Ya yi maka albarka. Amma wannan fa kullum da shi za ka riƙa dawowa."

"Na yi wanka, Inna."

"Na sani."

Ba shi da wata sana'a, tun yana saurayi wannan ya iya. Ƙurar tana cikin motarsa, da gashinsa, da ƙarƙashin farcensa, gobe ma in ya je aiki sabuwa zai kwaso. Ya miƙe ya koma bakin ƙofar gida ya tsaya, yana kallon matarsa tana ƙirga wa yarinyar numfashi. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji har shi ma ya ji numfashin na yi masa wuya.

Maganin ya kama, fiton ya lafa. Mami ta ture abin shaƙar ta waiga tana nemansa, ta hango shi can.

"Baba, me ya sa ka tsaya a nan? Zo mana."

"Ina nan, Mamina. Ina ganinki daga nan."

Ta zame daga jikin uwarta ta nufo shi da hannu a buɗe. Ya ɗaga mata tafin hannu yana murmushi, ya ce ta tsaya, ta tsaya a nan ta ba shi labarin. Ba ta tsaya ba. Sai ya ja da baya, ya sake ja, har ya fita waje.