Ƙwallayen Dabinon Mukhtaru

Kwanon ful, dafaffen wake, ya daki bango, mai ya tsiyayo har kan darduma. Mukhtaru, da ya yi jifan da hannun hagu, ya juya fuska wajen taga.

"Halas, ni na gaji," in ji matarsa Khadijatu, tana tsince gutsuttsuran burodi. "Likita ta ce ka riƙa magana ko da kalma ɗaya ce, kai kuma ka kulle baki kamar mu muka yi maka."

'Yarsu Basma na tsaye bakin ƙofa, ko abayar aiki ba ta cire ba. Mahaifinta ya yi shekaru yana tuƙa tasi a unguwar Hindawiyya, yana cika fasinja da surutu har su wuce inda za su sauka. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, sau ɗaya ya gwada kiran sunanta, harshen ya karkace, maƙwabcin da ya zo dubiya ya sunkuyar da kai don tausayi. Daga nan ya yi gum. Likita kuwa ba ta ɓoye musu ba: in aka bar harshen ya kwanta a watannin nan, da wuya ya tashi.

Ta taka kujera ta sauko da wani kwali daga saman kabad.

"Me za ki yi da wannan tarkacen?" uwar ta tambaya.

"Wasa, Ummi."

Littattafan Birnin Gishiri ne. Na farkon wani alhaji ya manta da shi a gidan kakan Basma, Malam Garba, tun Mukhtaru na yaro, fassarar Larabci mai jar takarda. Ba a karanta shi a jere. Kai ne jarumin, in ka iso mararraba littafin ya tambaye ka ina ka nufa, ya tura ka wani shafi can, ka tarar da taska ko dodo. Sauran Mukhtaru ya bi su ɗai-ɗai wajen masu baza tsofaffin littattafai a titin Mansur, har masu bugawa suka daina, wasan na'ura ya kwashe yara. Faɗa da dodo sai da ɗan lido, Malam Garba kuwa ya ce ƙanin caca ba ya shiga gidansa. Sai yaron ya tara ƙwallayen dabino, ya ƙona gefe guda da ƙusa mai zafi, a watsa a ƙirga masu tabo a sama. Dokarsa ɗaya ce, kuma da ita ya reni 'ya'yansa, Basma da Talal: ba a ajiye yatsa a shafin baya. In ka mutu ka mutu.

Basma ta zauna bakin gado ta buɗe na huɗu, wanda ya haddace kamar hanyar Kudai da ya saba bi da tasi.

"Tayyib. Ga ni a gindin rijiya," ta ce, tana juya Larabcin zuwa Hausarta mai ɗingishi. "Ƙofa biyu. Ta dama akwai haske da ƙamshin turare. Ta hagu duhu, ruwa na ɗiga. Ai wannan ba sai an yi shawara ba. Dama."

Kafaɗar Mukhtaru ta motsa.

"Ummi, ke fa?"

"Wa zai bar turare ya shiga ruwa? Dama mana."

Basma ta fara buɗe shafuka a hankali, ɗaya bayan ɗaya, tana sa takardar ƙara. Ta san abin da ke bayan ƙofar dama, tana 'yar shekara tara ta yi kuka a kansa. Wani gurnani ya fito daga gadon. Hannun hagu ya bugi katifa.

"Ban ji ba, Baba."

Ya juyo. Idonsa ya yi ja, leɓe yana kokawa.

"Saura shafi biyu," ta ce.

"Ha... hagu." Ya ja numfashi. "Hagu, sa... sakarai!"

Khadijatu ta saki kwanon da ta ɗauko, ta toshe baki da mayafi. "Kun ji mutum! Wata da watanni, da zagi ya buɗe baki."

Basma ta yi dariya hawaye na zuba, ta bi hagu. Can ƙasa wani kada na gishiri ya tare hanya. Ta zuba masa ƙwallayen a tafin hannu, ya watsa kan zanin gado. Tabo ɗaya. Ya sake, babu ko ɗaya. Ta karanta ƙarshen da ƙaramar murya: kada ya ja jarumin ƙarƙashin ruwa, tafiya ta ƙare nan.

Ta ɗago kai daga littafin. Tana jiran ya sake juya mata baya.

"Baba, in koma shafi ɗaya? Ba wanda zai sani."

Ya harare ta, irin hararar da ta sani tun tana ƙarama. Ya tattara ƙwallayen da kansa, guda ya kuɓuce ya faɗi ƙasa.

"Da... daga farko," ya ce.

Tana duƙawa ta ɗauko ƙwallon aka danna ƙararrawa. Khadijatu ta gyara mayafi ta leƙa. Wani dogon mutum ne da farar riga, da kwali ba komai a hammata.

"Salamu alaikum, ya hajja. Nan ne gidan su Talal? Daga Jidda nake. Ɗanku ya sayar mini da littattafan Birnin Gishiri ta waya, duka jerin. Na zo ɗauka."