Lambun Baba Daga Sama

Da likita ya cire wa Baba auduga daga ido, ya ce masa aikin yanar ido ya yi kyau, tsohon bai tambayi komai ba sai lambunsa. Yana can wani gari mai nisa a gidan babbar 'yarsa, wadda ƙannenta ke kira Babbar Yaya, likita kuma ya hana shi doguwar tafiya sai idon ya warke sarai. Lambun kuwa yana nan gida, a bakin wani kwazazzabo da ruwa ya daɗe yana ci. Baba ne ya tare shi da itatuwa tun 'ya'yansa suna rarrafe: mangwaro, gwaiba, lemo, da wasu da shi kaɗai ya san inda ya samo irinsu. A 'yan shekarun nan da yanar ta rufe masa ido, da hannu yake gane su, ya shafa ɓawo, ya murza ganye ya shinshina.

Babbar Yaya ta kira ƙaninta na tsakiya, wanda kowa ke kira Makanike, ta same shi kwance ƙarƙashin wata mota.

"Baba ya hana mu sakat," in ji ta. "Lambu, lambu, lambu. Ka ce wa Auta ta tashi ɗan jirgin nan nata ta ɗauko masa."

Auta ita ce ƙaramarsu. Sana'arta ɗaukar bidiyo da jirgi marar matuƙi, tana yi wa masu gine-gine da masu sayar da filaye aiki. Makanike bai taɓa ɗaukar abin a matsayin sana'a ba. In an tambaye shi aikin ƙanwarsa, sai ya ce, "Tana nan tana wasa da ƙudan ƙarfe." Yana sonta kamar ransa, amma a ganinsa aikin da ba ya baƙanta farce bai cika aiki ba.

Ko hannu bai wanke sosai ba ya je ya ɗauko ta, rana tsaka, suka nufi lambun.

"Yaya, wannan hasken ba na ɗauka ba ne," ta ce da suka sauka daga mota. "Ka bari sai gobe da safe."

"Haske dai ake nema, ga shi nan har ya yi yawa. Tashi abinki kawai, motar mutane na baro a buɗe."

Ba ta son gardama da yayanta. Ta bar kyamarar a kan zaɓin da take saita kanta da kanta, ta tashi jirgin, ta zaga lambun da gudu ta sauko. A fuskar wayarta bidiyon bai yi laifi ba. Ta ce ya jira ta gyara, ya ce ba lokaci, ta tura masa. Shi kuma nan take ya jefa shi zauren hirar gidansu na waya ya koma gareji yana jin ya sauke nauyi.

Bai gama ɗaure ƙusoshin taya ba waya ta sake ruri. Muryar Babbar Yaya a ƙasa-ƙasa take, da gani ta fito tsakar gida ne don kada a ji ta.

"Me kuka turo wa tsohon nan?"

"Lambunsa mana."

"To ya kalla, ya goge ido, ya sake kallo. Ya ajiye wayar ya juya fuska bango. Wai aikin bai yi ba, hazon ya dawo, itatuwan duk sun narke sun zama abu ɗaya. Na ce masa bidiyon ne, ya ce lallashinsa nake yi. Ko maganin ɗigawar ya ƙi yarda in sa masa, wai amfanin me zai yi."

Makanike ya ajiye kayan aikinsa. Ya buɗe bidiyon a wayarsa ya duba da kyau, abin da bai yi ba kafin ya tura. Gaskiyar Baba ce. Duk inda jirgin ya yi gudu, ganyen sai ya dagule ya zama kamar an shafa koren fenti da tsumma, sama ta yi fari fat, inuwa ta yi baƙi ƙirin. Mai lafiyayyen ido ma sai ya yi zargin idonsa.

Ya sami Auta a ɗakin aikinta, wani ɗan ƙaramin ɗaki da kwamfuta da batura jere a kan kanta. Ta riga ta ji labari. Ya shirya jin gori, amma sai ta tura masa kujera kawai.

"Zauna in nuna maka. Ka ga ganye? Ba abin da intanet ta tsana kamar ganye. Duk bidiyon da ka tura, sai an matse shi don ya yi sauƙin tafiya. Bango ko titi ba sa wahalar matsewa. Amma ganye dubbai, kowanne yana motsi, jirgi kuma yana gudu? Sai na'urar ta gaji, ta dame su wuri ɗaya. Zauren hira kuwa shi ya fi kowa rashin tausayi."

"To yanzu yaya za a yi?"

"Gobe ka zo da sassafe. Ka kuma bar gaggawarka a gareji."

Washegari raɓa ba ta bushe ba suka isa. Makanike ya tsaya gefe, hannu a aljihu, ya ga abin da bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Auta ta shimfiɗa ƙyalle a kan bonet ɗin mota, ta goge idon kyamarar a hankali kamar mai wanke wa jariri fuska. Ta buɗe wani ɗan akwati mai ƙananan gilasai masu duhu, ta ɗaga ɗaya ta kalli sama ta cikinsa, ta mayar, ta zaɓi wani ta maƙala.

"Tabarau kika sa masa?"

"Tabarau ne mana. Idon kyamara ƙiftawa yake yi. In haske ya yi masa yawa, sai ya riƙa ƙiftawa da sauri fiye da kima, motsi ya fito yana tsalle-tsalle. Wannan zai rage hasken, in saita ƙiftawar ta yi daidai da yadda idon mutum ya saba gani."

Ta cire kyamarar daga zaɓin sarrafa kai, ta karɓi komai a hannunta. Ta sauke ƙarfin jin haske zuwa ƙasa don kada hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa. Ta kulle launi, ta ce in ba haka ba kore zai riƙa sauya riga duk lokacin da jirgin ya juya. Ta rage kaifin hoto kaɗan, abin da ya ba Makanike mamaki.

"Ba kaifin muke nema ba?"

"Kaifin ƙarya ne wannan, Yaya. Shi ke fara lalacewa in an matse. Kai ma ai ba ka ɗaure ƙusa har ta tsinke."

Ya yi dariya, don ta same shi a gida.

Jirgin ya tashi. Wannan karon tafiya yake kamar tsoho mai zaga gonarsa. Makanike ya lura da manyan yatsunta a kan sandunan tuƙi, da kyar ake ganin motsinsu. Iska ta taso daga kwazazzabon ta ture jirgin, ta ce, "A'a," ta dawo da shi baya ta sake daga farko. Gajimare ya gitta, ta tsaya ta jira shi ya wuce. Can sai ta tambaye shi ba tare da ta ɗago kai ba.

"In Baba ya shigo lambun nan, ta ina yake farawa?"

Makanike ya yi tunani. "Ta rijiya. Sai ya bi layin lemo, ya tsaya wajen babban mangwaron can, ya ƙare a bakin rami."

"To haka za mu bi."

Ta sauko da jirgin daidai tsayin mutum a bakin rijiya, ta bi layin lemon sannu a hankali, ta tsaya a gaban mangwaron ta ba shi lokaci. Sannan ta fara ɗagawa, ta ɗaga, ta ɗaga, har lambun gaba ɗaya ya shigo fuskar na'urar. Makanike ya leƙa ta kafaɗarta. A nan aka haife shi, a nan ya sha duka kan satar gwaiba ɗanya, amma bai taɓa sanin haka wurin yake ba. Hagu da dama ruwa ya yagi ƙasa ya bar jan rami, amma inda itatuwan Baba suke ramin ya tsaya cak, ya karkata ya bi ta gefe.

Aikin bai ƙare a nan ba. A ɗakinta Auta ta yanke inda jirgin ya girgiza, ta daidaita haske, ta fitar da bidiyon a mafi girman awo ba tare da ta rage masa nauyi ba. Ta ce shafin intanet ɗin da za ta ɗora shi zai matse shi dole, amma in ka ba shi mai kauri, abin da zai rage ma mai kauri ne. Ɗorawar ta yi ta jan ƙafa. Da ta kammala, Makanike ya miƙa hannu zai tura adireshin bidiyon, ta dafe masa waya.

"Tukuna. Shafin yana fara fitar da mai hazo, mai kyan sai daga baya. Ka tura yanzu, Baba ya ce idon ya mutu gaba ɗaya."

Suka zauna jira. Ta riƙa buɗewa tana dubawa, a kwamfuta, a wayarta, har a tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi. Sai da ta gamsu sannan ta kira Babbar Yaya.

"Yaya, kada ki ba shi a waya. Ki buɗe a talabijin, ki shiga wajen zaɓin inganci ki danna na can sama da kanki, ki bari ya ɗan taru kafin ki kunna. Ki kuma bar mu a kan layi."

Suka ji jan kujera, suka ji Baba yana mita cewa a ƙyale shi da wahalar banza. Daga nan sai shiru. Shirun ya yi tsawo har Makanike ya duba ko layin ya katse. Auta ta haɗa tafukanta ta sa a baki.

"Tsaya," in ji muryar Baba. "Mayar da shi baya. Nan. Wannan ai dashen da na yi ne da lalube. Ya kama! Kin ga sabon ganye ja-ja a samansa?"

"Kana gani ke nan, Baba?" in ji Babbar Yaya.

"Ina gani mana, makaho ne ni? Matsa, kin tare mini."

Auta ta kifa kai a kan tebur tana dariya, hawaye na zuba. Makanike ya juya yana kallon baturan da ke kan kanta kamar bai taɓa ganinsu ba.

Can aka zo inda jirgin ya ɗaga sama. Sannan a hankali Baba ya ce, "Ashe haka na yi." Ya nemi a ba shi Auta, ya sa mata albarka, ya ce ta nuna masa abin da ko da ido biyu lafiyayyu bai taɓa gani ba. Ya ce a kawo maganin ɗigawar a sa masa, yana so ya sake kallo daga farko.

"Ina yayanki?" ya tambaya daga baya.

"Ga ni, Baba."

"Shingen yamma ya faɗi, akwai akuya a cikin lemo, baƙa mai farin goshi. Kana tsaye a wurin ba ka gan ta ba?"

"Ban lura ba, Baba."

"To ni daga nan na lura. Ka je yau."

Makanike ya kashe wayar ya tashi. A bakin ƙofa ya tsaya, ya dubi ƙanwarsa tana mayar da ƙananan gilasan cikin akwatinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Injiniya," ya ce, "in kin gama, ki zo ki riƙe mini wayar shinge da guduma. Shingen nan ba aikin mutum ɗaya ba ne."

Ta ɗauki takalmanta ta bi shi.