Katin Ruwan Ɗorawa

Occilien ya turo ƙirji kamar soja, Nurys mai tarbar jama'a ta maƙala masa kati da fil a farar rigarsa ta Lahadi. Ba ta kalle shi ba.

Sabon Fasto ne ya zo da tsarin: kowa ya maƙala sunansa, kada a sami bare a gidan Ubangiji. Babu wanda ya kai Occilien murna. Shekara arba'in da ɗaya yana saran rake a wannan ƙauye na Jamhuriyar Dominika, tun da ya tsallako daga Haiti, amma a bakin mutane bai wuce "kai, ɗan Haiti" ba. Tun rasuwar matarsa Marise bai sake jin sunansa a bakin kowa ba.

"Tsohon banza, yau kuma gwamna ka zama?" in ji Fermin, abokin zamansa a bencin ƙarshe.

"Karanta mini, mai ido huɗu."

Fermin ya gyara tabarau, ya duba, ya yi tari. "Hasken nan bai ishe ni ba."

Katin Fermin fari ne, na Occilien ruwan ɗorawa. Ya ɗauka karramawa ce ga waɗanda suka gina cocin. Ranar ya rera waƙa har muryarsa ta dushe.

* * *

Da aka tashi, Fasto ya tare shi a bakin ƙofa, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Salama, baba! Barka da zuwa. Yau ka fara zuwa wurinmu?"

Occilien ya dubi bangon da ke bayan Fasto. "Wannan bangon, ni na ɗora bulonsa. Ni da matata."

Murmushin Fasto ya tsaya cak. Ya yafito Nurys.

"Fasto, kai ka ce farin kati na waɗanda ke cikin rajistar coci ne," ta ce a hankali. "Rajista kuwa sai da katin ɗan ƙasa. Baba ba shi da takarda."

Occilien ya juya. "Fermin. Me aka rubuta?"

Fermin ya sunkuyar da kai. "Baƙo."

"A ƙasa fa? Sunana?"

"Babu komai a ƙasa."

Occilien ya dubi Nurys. Yarinyar nan, rake nawa ya fere mata tana rarrafe tsakanin bencunan coci?

"Ka yi haƙuri, baba," ta ce, idonta ya cika. "Na ɗauki alƙalami, sai na ga ban san sunanka ba. Kunya ta hana ni tambaya."

"Za mu kai maganar gaban kwamiti," in ji Fasto.

Occilien ya zare fil ɗin a tsanake, don kada ya yaga rigar da Marise ta ɗinka. Ya ajiye katin a tafin Nurys.

"Adana wa baƙo na gaba."

* * *

Ya bi hanyar gona da tsakar rana, bai waiwaya ba. Daga nesa ya jiyo Fermin yana haki, yana kira.

"Tsaya mana! Kai, ɗan Haiti, tsaya!"

Bai tsaya ba sai da rake ya rufe shi ta ko'ina. Nan ya cire hula, ya shafa ƙananan huji biyu da fil ya bari a ƙirjin rigar. Ya buɗe baki ya faɗa da kansa, daki-daki, yadda Marise take faɗa.

"Occilien."

Ganyen rake ne kawai ya motsa.