Rigar da Ta Yi Ta Dawowa Shago

Tela ne, kuma duk layin ba mai kiransa da wani suna sai Gobe-da-safe, don ita ce amsar da yake ba duk wanda ya zo karɓar ɗinki. Shi ma in an kira shi haka amsawa yake yi, ko a jikinsa.

Da 'yarsa ta haihu a ƙasar waje, inda mijinta ke aiki, sai ya ba kowa mamaki. Ya ture kayan jama'a gefe, ya ɗinka wa jaririyar riga a yini guda. Bai taɓa ɗaukar jikar nan ba, a waya kawai yake ganinta, shi ya sa ya ƙwallafa rai ko ɗinkin hannunsa ne ya taɓa jikinta.

'Yar ta turo adireshi ta waya. Ya duba, ya ga a ƙarshe an cakuɗa wasu haruffa da lambobi, ba kai ba gindi. Tela kuwa in ya ga zare na lilo, almakashi yake ɗauka. Ya datse su. Gurbin da suka bari ya cika shi da abin da ya ga ya fi amfani: "Gidan surukina, kusa da tashar jirgin ƙasa, a tambayi kowa."

Ya ƙunshe rigar ya aika, daga nan ya shiga zarya gidan waya. Kullum ya leƙa, matar da ke bayan kanta ta ce, "Baba, babu labari tukuna, ka dawo gobe da safe." Ya koma yana huci, ya gaya wa matarsa cewa mutanen nan ba su san darajar alkawari ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, ashe akwai zafi?"

Bayan watanni ƙunshin ya dawo, ya sha hatimi ta ko'ina. Lambobin da ya datse su ne na yankin da gidan yake, kuma tituna masu wannan sunan sun yi yawa a birnin. Ya ɗaga rigar, ya tuna cinyoyin yarinyar da ya gani a waya, ya san ko hannu ɗaya ba zai shiga ba. Ya rataye ta a bango, ya yanka babba.

Wannan karon bai bar ko ɗigo ba. Sai dai ya yi tunanin cewa tunda ƙunshin zai ratsa ƙasashe, ai bai kamata a rasa sanin wanda ya yi ɗinkin ba. Ya rangaɗa sunan shagonsa da adireshinsa a tsakiya da manyan haruffa, ya matse na 'yar a can kusurwa. Ba a rufa mako ba mai raba wasiƙu ya yi sallama, ya miƙo masa ƙunshi. Har ya fara murna an tuna da shi.

"Na aika wa kaina riga," ya gaya wa matarsa bayan ya buɗe. "Kuma ba za ta shige ni ba."

Ranar ya ji kunya sosai, ya kuma ji tsoro kada yarinyar ta girma ba ta taɓa sa komai nasa ba. Ya kira 'yar, ya ɗauki biro.

"Faɗa mini a hankali, ki ɗauka ɗan aji ɗaya ne."

"To Baba, a tsakiya: sunana. Ƙasa da shi lambar gida da titi. Sai birni da lambobin nan da ka tsana. Layin ƙarshe sunan ƙasa, shi kaɗai, da manyan haruffa. Naka kuma ƙarami, a kusurwar sama ta hagu."

"Ƙarami kamar yaya?"

"Ƙarami dai, Baba."

Kafin ya gama shiri riga ta biyun ma ta yi kaɗan, ta bi 'yar'uwarta bango. Ta ukun ya yanka ta da hannu sake.

Wata safiya yana kan keken ɗinki waya ta yi ƙara. Ya ɗauka, sai ga jikar a fuskar wayar, tsaye da ƙafafunta, tana dafa kujera, rigar na jan ƙasa, hannuwan sun haɗiye yatsunta.

"Ta iso, Baba," in ji 'yar. "Amma ta yi mata yawa. In kai a rage?"

"Kada wanda ya taɓa ta. Wannan karon rigar ce za ta jira ta."

Ya jawo yadin da ke kusa ya share ido. Mai yadin na zaune a benci, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa, ya ce zai dawo gobe da safe.