Makulli na Huɗu

A bakin titi kowa Mai Walda yake ce masa, amma da zarar ya tsallaka ƙofar majami'a sai sunansa ya koma Tubabbe. Ƙofar ma shi ya ƙera ta. Shi ya yi ƙarafunan tagogi goma sha shida, shi ya yi ƙofar sito inda ake ajiye lasifika da ganguna da janareta, duk don Allah. A samartakarsa ya fasa gidaje huɗu, a na huɗun dubunsa ta cika, ya yi shekara uku a gidan yari. A can wani tsoho mai kai wa fursunoni ziyara ya karanta masa bishara, ya ba da gaskiya, kuma da zuciya ɗaya ya bayar, ba don sabulun da tsohon ke rabawa ba. Shekara goma sha biyu ke nan da yi masa baftisma.

To, ikilisiyar nan tana da wata ɗabi'a. Duk sa'ad da aka fita wa'azi a ƙauye ko wani gari, kafin mai wa'azi ya buɗe baki sai an tsayar da Tubabbe a kan dandamali ya ba da shaida. Shekarar farko da hawaye ya ba da ita. Kafin shekara ta biyar ya lura jama'a sun fi kasa kunne idan yana kan katangar mutane, da ya iso wurin gicciye sai a fara hamma ana neman yara. Mai gabatar da shi kullum shi ne dattijon da ke shugabantar kwamitin bishara, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutum mai farin gashi da baƙin naci. A bakin Dattijo gidaje huɗun nan haihuwa suke yi. Sun zama goma, sun zama ashirin, wata shekara har bindiga aka saka masa a hannu, shi da ko wuƙa bai taɓa fita da ita ba. Mai Walda ya yi ta haɗiyewa, yana cewa ai can nesa ne, wa ya san shi.

Bana sai kwamiti ya ce bishara ta dawo gida. Za a yi taron ran Asabar da yamma a filin ƙwallon da ke ƙarshen titin shagonsa.

Ran Litinin da safe ya zo buɗe shago, sai ya yi ido huɗu da kansa a jikin turken lantarki. Tsohon hotonsa ne, kai a aske, ido a faɗe, wanda ya taɓa ba Dattijo don a nuna wa matasa. A ƙarƙashi an rubuta da jan tawada: GAWURTACCEN ƁARAWO YA SADU DA YESU, ZO KA JI DAGA BAKINSA. Ya waiga, ga wani a bangon kantin magani, ga wani a jikin rumfar mai faci. Duk titin an lulluɓe shi da fuskarsa.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce mene ne abin damuwa. Mai yin ƙofar ƙarfe har uwar ɗaka ake shigar da shi. Shi ke auna tagar ɗakin barci, shi ake gaya wa, “Wannan ƙofar ta baya ce ke ba ni tsoro, ko yaro ya tura ta za ta buɗe.” Ba ƙarfe kaɗai mutane ke saya a wurinsa ba, amana suke ba shi. Shekara bakwai yana unguwar nan, babu wanda ya san abin da ya wuce.

Kafin rana ta take matar wani likita ta iso. Makon jiya ya zagaye gidanta kaf, ya auna tagogi takwas. Yau ko injin mota ba ta kashe ba.

“Malam, takardar nan da ka zana gidana, ina take?”

“Tana nan, ranki ya daɗe. Har na yanka ƙarfen tagogi uku.”

“Ka bar su. Takardar nake so.”

Ya shiga ya ciro ta daga ƙusar da yake soke takardun aiki. Ta karɓa da yatsu biyu, ta ɗaga gilashi, ta ja mota. Mai faci yana kallo, ya sunkuyar da kai kamar yana neman huji a taya.

Matarsa, wadda ke ɗinki a gida, ba ta tsaya jin ƙarshen labarin ba. Ta dakatar da keken ta juyo.

“Baban yara, yau ka sani? Ni tun ranar da aka ɗaura mana aure na sani. Shekara goma sha biyu kana yi musu ƙofa, an taɓa cewa riƙe mana makulli? Kai ka kawo makullan siton nan guda uku da hannunka, ina zaune. Fasto ɗaya, Dattijo ɗaya, ma'aji ɗaya. Ma'aji ya ɓatar da nasa bara, aka yi dariya aka wuce.”

“Ba don makulli nake bin Ubangiji ba.”

“Na sani. Su ma ba don Ubangiji suke yawo da kai ba.”

Maganar ta yi masa ciwo.

Ran Laraba, bayan addu'ar la'asar, ya tare Dattijo a barandar majami'a. Ya rusuna ya gaishe shi yadda ya saba.

“Baba, hoton nan ne. Da an tambaye ni.”

“A tambaye ka me, ɗana? Hoton ka ba ni ko ba ka ba ni ba?”

“Don matasa na bayar, ba don titina ba. Aiki uku ya kuɓuce mini daga Litinin zuwa yau. Ina roƙo a cire, kuma bana a ɗauke mini shaidar.”

Dattijo ya zare tabarau ya dube shi daga sama har ƙasa.

“Wato tagogi sun fi rayuka. Kunyar Almasihu kake ji yanzu, don ka yi ƙiba ka sayi babur? Ka manta ramin da aka ciro ka?”

“Ban manta ba, Baba. Ku ne ba ku bari in fito daga cikinsa. Kuma gida huɗu ne, ba ashirin ba. Bindiga kuwa ban taɓa riƙewa ba.”

“Huɗu da ashirin, a gaban Allah duk zunubi ne. Kai ka san abin da ke karya zuciyar mai zunubi, ko ni da na yi shekara talatin a wannan aiki?”

Fasto ya fito daga ofis a daidai lokacin. Mutumin kirki ne, amma irin kirkin da ba ya hana komai faruwa. Ya dafa kafaɗar wannan, ya dafa ta wancan, ya ce a sa abin a addu'a. Hotunan dai ba a cire ko ɗaya ba. Mai Walda ya ɓamɓare na jikin turke da kansa, ya ninke ya cusa a aljihun rigar aiki, washegari aka manna sabo.

Ran Asabar da hantsi yana shago yana gyaran wata tsohuwar kujera, don aikin da ya rage masa ke nan, sai ga shugabar zumuntar mata tana haki. Ta ce ya yi sauri, Dattijo na nemansa. Abin da ya faru shi ne Dattijo ya shiga sito ya ajiye makullinsa a kan janareta, ya fito amsa waya, iska ta turo ƙofar. Makullin ƙofar irin mai kulle kansa ne. Fasto kuma ya tafi wani gari ɗauko baƙon mai wa'azi da nasa a aljihu, ba zai iso ba sai dab da taro. Lasifika da duk kayan dandamali suna ciki.

Ya tarar da mawaƙa da matan zumunta da 'yan kwamiti sun yi cirko-cirko a bakin siton. Dattijo ya tarbe shi da fara'a, kamar ba su taɓa sa-in-sa ba.

“Yauwa, ga gwani ya iso. Tubabbe, nuna mana tsohon hannu. A ba shi waya ko ƙusa. Kun ga hikimar Allah? Abin da Shaiɗan ya koya masa yau zai yi wa bishara aiki. Wani ya ɗauki bidiyo da wayarsa, wannan ma shaida ce.”

Aka yi dariya. Wayoyi uku suka tashi sama.

Ran Mai Walda ya ɓaci. Abin takaicin shi ne zai iya. Ya san cikin makullin nan kamar yadda ya san tafin hannunsa, minti biyu sun ishe shi. Yatsunsa ma har sun fara motsi da kansu, wannan ne ya fi ba shi haushi.

“Ba na buɗe ƙofa da waya, Baba. Na daina.”

“Haba, yau kaɗai. Ai ni na ba ka izini.”

“Ba a wurinka na tuba ba, balle ka ba ni hutu.”

Dariyar ta ɗauke. Ya juya ya koma shago, ya ɗauko injin yanka ƙarfe da na walda a bayan babur, ya sayi sabon makulli a hanya. Ya ce kowa ya ja baya. A gaban idonsu ya yanke ƙofar da ya yi shekara tara da ƙerawa, tartsatsi na tashi, ƙara ta cika harabar har mata suka toshe kunnuwa. Ba a asirce ba, ba a ɓoye ba, yadda ma'aikaci ke yi da rana tsaka. Aka kwashe kaya aka yi filin ƙwallo da su. Shi kuma ya tsaya awa biyu cikin rana yana like inda ya yanka, ya ɗora sabon makullin, ya goge, ya gwada sau uku. Aiki dai ba ya iya barinsa rabi, ko na wanda ya ɓata masa rai ne.

Dattijo ya dawo da ma'aji da wasu 'yan kwamiti biyu. Mai Walda ya miƙa masa makullan a zobensu. A ransa akwai wani ɗan guntun fata, shi kansa yana jin kunyarsa, cewa watakila yau tsohon zai zare ɗaya ya ce, riƙe wannan.

Dattijo ya ɗaga zoben ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya.

“Uku. Haka suka zo?”

“Haka suka zo.”

“Babu na huɗu da ya maƙale a wurinka? Ba wai ina zarginka ba ne, ɗana. Kayan ikilisiya ne, dole in tambaya.”

Ma'aji ya kau da kai. 

Mai Walda bai yi musu ba. Ya zura hannu ya zazzage aljihunsa a kan dakalin siton, yadda ake sa su yi a ƙofar gidan yari. Guntun alli, tef ɗin awo, ƙusoshi biyu, ƙaramin Sabon Alkawari da bangonsa ya sha maiƙo. Ya fito da aljihun waje yana lilo. Na ƙarshe shi ne takardar hoton nan da ya ninke tun ran Laraba. Ya warware ta, ya ɗora a hannun Dattijo a kan makullan.

“Ga ɓarawonku nan, Baba. Shi kuke so, ku hau da shi. Ni ban san shi ba yanzu.”

“Idan ka juya wa aikin Allah baya yau, kada ka ce ban gargaɗe ka ba.”

Ya kwashe allinsa da tef da Littafin, ya ɗaure injuna a babur, ya fita ta ƙofar da ya ƙera.

Da la'asar sakaliya yana zaune a shago. Matarsa ta kawo masa abinci ta zauna a kan kujerar da yake gyara, ba ta ce ai na gaya maka ba, ko da yake maganar na bakinta. Daga ƙarshen titi mawaƙa suka fara, lasifikokin na fitar da murya tas. Waƙar da aka yi ranar baftismarsa ce, kuma bai san lokacin da ya fara bin ta a hankali ba. Har yanzu yana son waƙar, yana son Wanda ake yi wa ita, wannan kam babu mai ƙwace masa.

Da waƙa ta ƙare sai muryar Dattijo ta cika titin.

“'Yan'uwa, akwai wani ɗanmu a unguwar nan, kun ga hotonsa. Yau Shaiɗan ya hana shi zuwa, ku sa shi a addu'a. Amma ni zan ba ku labarinsa. Mutumin nan gida arba'in ya fasa.”

Mai faci ya ɗago ya dube shi daga rumfarsa. Matarsa ta miƙe za ta nufi filin, zaninta a hannu, ya riƙo ta ya zaunar. Ya ture kwanon abincin gefe, ya jawo ɗaya daga ƙarafunan tagogin matar likita da babu mai zuwa karɓa, ya saukar da gilashin fuska, ya kunna inji. Bai da abin da zai yanka a jikin ƙarfen, amma ya yi ta yanka har aka tashi daga taron.