Makokin Malam Alufandika A Kan Tudu

Ruwa ya riga ya kai turken awakina lokacin da maƙwabciyata Ndaziona ta leƙo ta kan danga ta ce in zo, jikin mijinta ya rikice. Na tsallaka zuwa gidanta. Tun ina yarinya nake tsoron Kogin Shire, ban kuma taɓa ɓoyewa ba.

Mijin nata, Malam Alufandika, shi ne shugaban makarantarmu ta kan tudu. Shi ya haɗa iyaye da malamai muka buga bulo, aka ƙara azuzuwa don gari ya samu mafaka in kogi ya cika. Amma mutanenmu kunnen ƙashi gare su. Tun safe malamai ke bi gida-gida suna kira a hau tudu, kowa na cewa ba zai bar wa ɓarayi masararsa ba. Har da ni, duk tsoron nawa.

Na same shi kan tabarma, numfashi sama-sama, mai gari tsugune a gefensa. Malam ya tambaya ko mutane sun hau tudu. Mai gari ya sunkuyar da kai, ya ce 'yan tsiraru.

"In na mutu a nan, nan za su taru," in ji Malam. "Ku kai ni makaranta tun da sauran raina."

Ndaziona ta fashe da kuka, ta ce girgizar hanya ce za ta ƙarasa shi.

"Uwar yara," ya ce da ƙyar, "wa kika taɓa gani ya ƙi zuwa makoki a garin nan?"

Gaskiya ya faɗa. A wurinmu wanda ya ƙi zaman makokin wani, ranar nasa ba mai haƙa masa kabari.

Malamai suka cire ƙyauren ɗakin suka ɗora shi. Jan ruwa har gwiwa yana fizgar zanena, ina roƙon Allah kada wani ya zame. Mai gari ya sa aka yi shelar halin da Malam ke ciki. Da na waiwaya, sai ga gari duka a bayanmu, da goyo, da tsofaffi a kan keke.

Sai da muka sauke shi a aji muka gane ya cika a hanya.

Da la'asar kogi ya ɓalle. Mata suka fara waƙar makoki ƙasa-ƙasa. Ta taga na hango rufin ɗakina yana juyawa a hankali kan ruwa, wata kaza tsaye a kansa.