Masu Aikin Gidan Usmanu Tole

"Aljanu ne, Goggo, wallahi aljanu ne," in ji Hibatullahi mai ƙosai, tana tsame ƙosai daga mai. "Tun kafin azumi Usmanun nan bai taka ƙofar gida ba, an ce ko buta ba ya iya ɗagawa. Amma kullum da hantsi sai ki ji guduma. Jiya da aka ɗauke kuran, ba lantarki a unguwar Yelwa duka, aiki bai tsaya ba."

Goggo Bilki ta karɓi ƙullin ƙosanta. Ungozoma ce da ta yi ritaya daga matanite, asibitin haihuwa na Garwa, rabin 'yan unguwar a hannunta suka faɗo, har da ita Hibatullahin. An sha kawo mata mace an ce iska ta buge ta, ta auna ta tarar hawan jini ne.

"Waldar gas ba ruwanta da kuran," ta ce. "Kuma wane irin aljani ne da an kira azahar sai ya ajiye guduma?"

"Ai akwai musulmi a cikinsu, Goggo."

Da maganar ta tsaya a bakin kasko, da Goggo ta bar ta. Amma Malam Mahfuzu, wanda ke wanke mamatan unguwa, ya faɗa a majalisa cewa shi bai san ko zai sa hannunsa a jikin mutumin da ke hulɗa da waɗancan ba. Usmanu kuwa baƙo ne daga Mora, ba ɗa, ba ƙani, daga shi sai matarsa Haula. In Mahfuzu ya ja baya, babu mai matsowa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Goggo da garejin Usmanu Tole, wanda aka yi wa laƙabin saboda gwanintarsa kan tole, wato ƙarfen jikin mota. A cikin garejin akwai tsohuwar Fijo 404 da wani Thierry ya jawo daga Tuboro, motar marigayi ubansa, tsatsa ta cinye mata ƙasan ƙofofi. Washegari Goggo ta ɗauki kujerarta ta zauna jikin katangar tana tsinar zogale.

Wutar walda ta yi huci kaɗan ta ɗauke. Guduma, ƙwas, ƙwas. Shiru. Sai hucin ya sake tashi a wani gefen. Wannan ba sabo ba ne, Usmanu ya taɓa gaya mata cewa ƙarfen jikin mota siriri ne, in ka zauna masa da wuta wuri ɗaya sai ya huje ko ya kumbura kamar tsohon faranti, don haka ɗiga-ɗiga ake yi, a bari ya huce. Gudumar ce ba ta yarda da ita ba. Ta yi shekaru tana jin hannun Usmanu, wannan hannun ya fi nasa sauƙi. Can ta ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

"Ya isa. A ɗaga. A koma ƙarshen can."

Ashe mutum ake ba umarni. Ko wani ne ya gudo daga wajen Kolofata, inda ake rikici, ba takardu, suka ɓoye shi? In haka ne, gara aljanun, domin su jandarma ba sa zuwa kama su.

Ta dama kunu ta zaga. Ta daɗe tana sallama kafin Haula ta buɗe ƙyauren, da hijabi har gwiwa a wannan zafin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. An share tsakar gida, an lulluɓe motar da tamfol. Warin karbir, dutsen da ake jiƙawa ya ba da gas, yana nan kamar tafarnuwa. Goggo ta yi kamar ta yi tuntuɓe ta dafa ƙofar motar. Da ɗumi.

Usmanu na kwance a gadon kara ƙarƙashin rumfa, an juyo shi yana fuskantar motar. Ƙafafunsa sun kumbura, fatar na sheƙi.

"Jam na, Goggo?" ya gaishe ta da Fillanci. "Ke da kanki?"

"Jam. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Ta miƙa masa kwanon ba tare da ta yi magana ba. Yana kallon gefen kafaɗarta yana murmushi, hannunsa bai motsa ba. Haula ta yi sauri ta karɓa, hijabin ya zame. Bayan hannayenta cike da ƙananan tabo, wasu sun warke sun yi fari, wasu sababbi. A kewayen idanunta akwai sawun wani abu da ya matse fatar.

"Me ya sami hannunki?"

"Mai ne ya fallatso, Goggo."

"Na ga ƙunar mai fiye da yadda kika ga tuwo. Usmanu, yaushe ciwon sugan ya taɓa idon?"

Ƙuda ya sauka a leɓensa ya tashi.

"Kin san me ake faɗa a waje?" ya tambaya.

"Kai ka sani? Mahfuzu ya ce ba zai wanke ka ba."

"Mahfuzu da tsoro. Ko kyanwa ta yi kuka sai ya karanta Falaƙi." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Goggo, Usmanu aka danƙa wa motar nan, a hannun Usmanu za a karɓe ta. Wa zai kawo motar ubansa gidan makaho? Muddin ina numfashi, aikin da ya fita daga gidan nan nawa ne. Na sa Haula ta yi mini alkawarin rufe baki. Ke ma ki bar ni da aljanuna."

"Ni ban yi maka alkawarin komai ba."

"Amma ba za ki faɗa ba."

Ba ta faɗa ba. Ta dai riƙa zuwa tana auna shi, tana masa faɗan cin gishiri, ya ƙi zuwa lopital ganin likita. Wata rana ta tarar Haula ta kwance ƙofar motar ta ɗora masa a cinya, yana bin ɗinkin da tafin hannu a hankali. Ya tsaya wuri ɗaya ya ce nan ya ɗan tasa. Ya wuce gaba, ya kai ƙarshe, ya dawo ya sake shafawa.

"Nan kam ko ni iyakata ke nan," ya ce.

Ranar wata Alhamis da hantsi gudumar ta tsaya a tsakiyar bugu. Goggo ta jira hucin wutar, bai zo ba. Ta ajiye tiren zogale ta nemi takalminta.

Kafin azahar maza sun taru, amma a tsallaken titi, ƙarƙashin darbejiya. Ba wanda ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan. Mahfuzu na tsaye da hannuwa a baya. Rana na hawa, gawa kuwa ba ta jira a Garwa.

Goggo ta sami Haula zaune kusa da gadon, ta rufe Usmanu da zanenta.

"Haula, me ya ce? Muddin yana me?"

Haula ta ɗago ta dube ta.

"To ya daina numfashin. Tashi."

Goggo ta fita da kanta ta tsallaka titi, ta tsaya gaban liman, Malam Abdulhalim.

"Allah gafarta Malam, a zo zaure a ji magana. Kai ma Mahfuzu, taho. Ni na yanke maka cibiya, ba zan kai ka inda za a cinye ka ba."

Suka shiga suna raɓe-raɓe. Liman ya yi gyaran murya wajen labulen buhu da ya raba zaure da cikin gida.

"Baiwar Allah, Allah ya ba ki haƙuri. Mutane na da tambaya, ba don a tozarta mamaci ba. Wa ke aiki a gidan nan?"

Labulen ya motsa. Hannu biyu suka fito, masu tabo, riƙe da baƙin tabarau na walda wanda aka ɗaure igiyarsa da tsumman atamfa. Ta ajiye shi a ƙasa gaban liman.

"Ni ce, Malam," in ji Haula. "Tun da idonsa ya tafi, ni ce."